Kujera Ɗaya Zuwa Yamai

"Mushe, shina zuba!"

Mushe Badamasi, malamin kwalejin Dogarawa, bai juyo ba. Idonsa na can ƙarshen zauren gidan matasa na Ƙonni, inda ƴan rediyo biyu suka kafa wa Madam Ummul Khairi makirfo a baki, tana magana tana dariya kamar an riga an miƙa mata kofin.

"Mushe! Wallahi rumbun shina zuba!" Sahiya, ɗalibarsa, ta buga tebur da tafin hannu.

Ya sauke kai. Daga ƙarƙashin ƙofar rumbun albasarsu wani baƙin ruwa mai kauri ke tsiyayowa. Ya bi ƙafar tebur, ya kama hanya a kan siminti, ya nufi takalmansa na fita kunya. Kafin ya gama gani, warin ya iso. Yaran Illela da ke tebur na kusa suka toshe hanci suka ja baya da injin tatar ruwansu. Wani daga ciki ya ce, "Ƴan Dogarawa jaki sunka kawo gasa ko mi?" Aka fashe da dariya.

Saura minti talatin alƙalai su shigo.

Bana ne gwamnati ta ware kuɗi domin gasar kimiyya ta ƴan kwaleji. Duk lakwal ɗin, wato makarantar, da aka karɓi takardunta an ba ta tallafi ta ƙera abin da ta ƙirƙira. Kwaleji tara ne suka taru yau daga yankunan Ƙonni, Malbaza da Illela, kuma wadda ta zo ta ɗaya za ta wuce Yamai. Gwamnati za ta ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya da malami ɗaya. Wannan kujerar ta malami ita ce ta hana Badamasi sukuni tun ranar da ya karanta takardar a buro, ofishin darakta.

Shi ɗan Damagaram ne. Shekara goma sha huɗu ke nan yana koyar da fizik a Dogarawa, cikin aji mai rufin kwano wanda ke dafa mutum tun hantsi. Sau shida yana rubuta takardar neman canjin wuri, sau shida ana yi masa shiru. Amma ya san abu guda: malamin da ya tsaya gaban manya a Yamai da kofi a hannu, da wuya a sake maido shi ƙauye.

Sai ga Ummul Khairi. Yarinyar da shi ya koya mata yadda ake haɗa waya da batir, wadda ya taɓa kora waje saboda surutu, yau ita ce madam a Tajaye. Shekararta biyu kacal da fara aiki, ko cikakkiyar ma'aikaciya ba ta zama ba, kwantaraji take. Ta sa ɗalibanta sun haɗa akwatin madubai da ke gasa wake da zafin rana ya kashe ƙwan ƙwari, buhu ya shekara bai huje ba. Tun daga nan ko'ina Badamasi ya zauna sai ya ji sunanta. A tasha, a buro, har a gidansa, matarsa ta ji ta a rediyo ta ce, "Ashe ɗalibarka ce? Kai, yarinyar akwai kai."

A makon ne ya watsar da abin da ya fara ƙerawa. In ajiyar amfanin gona ce ke burge mutane, to shi zai yi ta albasa, wadda ta fi wake daraja a wannan ƙasa. Ya ɗauki fasalin rudu, rumbun kara da manoma ke zuba albasa a ciki, ya rage shi ya koma kamar kabad, ya ɗora masa farantin hasken rana da ƴar fanka a can sama tana tura iska. Kwana arba'in da suka wuce Sufeto Hamani, mai kula da kwalejojin yankin, ya zo Dogarawa da kansa, ya ɗaure ƙofar da igiya, ya manna takarda, ya buga mata hatimi. Dokar gasa ce, ba mai buɗewa sai gaban alƙalai.

Badamasi ya zaro hankici ya durƙusa. Ya goge nan, ruwan ya ɓullo can. Hankicin ya yi baƙi ƙirin, warin ya hau masa kai.

"Kwana tara ke nan ina gaya maka warin ya sake," in ji Sahiya a hankali. "Jiya kuma girgizar mato ta fashe su."

"Rufe min baki."

"Mushe, sannu. In kawo tsumma?"

Ya ɗaga ido. Ummul Khairi ce tsaye a kansa, ta baro ƴan rediyo, da bokiti a hannunta. Sabuwar atamfa ta sa, gyalenta ko ɗigon ƙura babu. Shi kuwa ga shi gwiwa a ƙasa cikin ruwan ruɓa. Fuskarta tausayi ne tsantsa, kuma tausayin ne ya fi ƙona shi.

Idonsa ya sauka kan bokitin. Akwai sauran ruwa a ciki.

Ya miƙe a hankali. "Ƙarfe nawa kika shigo zauren nan?"

"Tun bakwai. Maigadi ya buɗe min in wanke madubai."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai. Mushe, lafiya?"

Daidai nan Sufeto Hamani ya shigo da sauri, dogo, ɗan Doso, da takardu a hammata. Ya yi taku uku ya tsaya cak ya kama hanci. "Subhanallahi! Badamasi, wane ne ya mutu?"

"An kashe min aiki ne, Sufeto." Badamasi ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "An zuba min ruwa ta ƙofar fanka. Jiya da muka ajiye rumbun nan garau yake. Ga wadda ta shigo ita kaɗai da safe, ga bokitin a hannunta."

Ƴan rediyo suka matso da makirfo.

Ummul Khairi ta ajiye bokitin kamar ya ƙone ta. "Ni? Mushe, ni fa ce. Ummu."

"Na san ke ce. Shi ya sa."

Sufeto ya dube shi, ya dube ta. "Wannan magana babba ce. In ta tabbata, Tajaye ta fita daga gasa, ita kuma kwantarajinta sai abin da Allah ya yi. Kana da shaida?"

"Ɗalibata ta gani."

Sahiya ta buɗe baki. Badamasi bai bari ta furta komai ba. "A ba ni minti biyar, yarinya ce, ta tsorata."

Ya tasa ta gaba suka fita bayan zauren, gindin wata bishiyar bedi. Rana ta riga ta fara dukan ƙeya. Sahiya ƴar aji huɗu ce, ƴar siririya, shekararta goma sha shida, ɗiyar wani manomin albasa mai suna Barmo. Ta rungume littafin rubutunta a ƙirji tana kallon ƙasa.

"Kina son Yamai ko ba ki so?"

"Ina so, Mushe."

"Kin taɓa wuce Madawa?"

"A'a."

"To. In aka buɗe rumbun nan haka, mun faɗi. In aka ce zuba mana ruwa aka yi, dole su duba fasalin ƙirar kawai, kuma ba wanda ya kai mu a nan sai Tajaye. Tajaye kuwa ta fita. Ba ƙarya na ce ki yi ba. Kin gan ta da bokiti ko ba ki gan ta ba?"

"Na gan ta."

"Shi ke nan. Ki ƙara da cewa kusa da rumbunmu."

"Mushe, ba ruwa ne ba. Albasar ce. Na gaya maka tun ranar da munka..."

"Ban tambaye ki ba!"

Ta gaya masa kuwa, kuma ya tuna sarai. Ranar da za a cika rumbun, Barmo ya zo lakwal da kwando a kan keke, ya ce ga gudummawarsa. Albasa ce ƙanana, busassu, ɓawonsu na ƙara kamar takarda. Badamasi ya dube su ya ji kunya ta kama shi. Waɗannan zai kai gaban alƙalai? Gaban Ummul Khairi? Ya yi godiya ya ce a maida. Ya hau taksi ya tafi Galmi da kuɗin tallafi, ya zaɓo manya-manya daga tsibin da ake lodawa manyan motoci, kowace kamar dunƙulen hannu biyu, jajaye, suna sheƙi. Sahiya ta ce, "Mushe, waɗanga ba na ajiya ne ba." Ya ce da ita kimiyya ba ta san na ajiya da na ci ba, iska ce ke aiki, shi ya karanta a jami'a.

"Ki ji ni da kyau," ya ce yanzu, ya sassauta murya. "Shekara huɗu ina ɗawainiya da ke. Wannan yarinyar ta Tajaye ba ta san wahala ba, jiya-jiya ta fito. In ta rasa bana, tana da baɗi. Ni fa? Ki dube ni, furfura ta fara."

Ganga ta tashi a ƙofar gida, alamar manyan baƙi sun iso.

Da suka koma, zauren ya cika. Pirefe, shugaban gundumar, na zaune a gaba da hankici a hanci, an bubbuɗe tagogi duka. A benci na ƙarshe Badamasi ya hango Barmo da malfa a gwiwa, ya biyo motar kasuwa ya zo kallon ɗiyarsa. Alƙalai uku ne. Biyu malaman jami'a ne daga Tawa. Ta ukun Hajiya Uwani ce, dillaliyar albasa, wadda ta shekara talatin tana tura motoci Abijan da Akara. An sa ta ne don kada a ce gasar ta ƴan boko ce kaɗai.

Sufeto ya ce da rumbun Dogarawa za a fara, don a huta da warin. Ya bayyana ƙarar da aka shigar. Ummul Khairi na tsaye bayan madubanta, idonta ja, ɗalibanta sun kewaye ta.

"Sahiya Barmo," in ji Sufeto. "Faɗi abin da kika gani. Kada ki ji tsoron kowa."

Sahiya ta dubi malaminta. Ya gyaɗa mata kai.

"Na ga Madam da bokiti."

Badamasi ya saki numfashi.

"Madubanta taka wankewa. Ba ta zo nan ba sai da ta ga Mushe durƙushe."

Hayaniya ta tashi. Badamasi ya ji kamar an zuba masa garwashi a riga. "Yarinya ce, an tsorata ta! Sufeto, a duba..."

"A duba albasa," in ji Hajiya Uwani. Ta taso da ƙyar tana dafa gwiwa, ta zaro ƴar wuƙa daga jakarta. "Ni ban san boko ba, amma albasa ba ta yi mini ƙarya. Yanke igiyarka, Sufeto."

Aka yanke igiya, aka ɓalle takarda. Ƙofar na buɗewa ƴan layin gaba suka watse. Manyan albasan nan sun narke sun zube kan juna, wasu sun tsiro, wasu sun zama kunu. Hajiya ko gezau. Ta tura hannu ta zaɓo wadda ta fi dama-dama, ta matsa wuyanta da babban yatsa, ta raba ta biyu ta ɗaga sama.

"Ku duba. Bayanta da sauran kyau, cikinta ne ya mutu. Ruwan da anka zuba da safe shi ka yin haka? Ko da kogin Kwara anka juye mata, ba ta ruɓewa cikin awa uku." Ta juyo. "Mushe, ina ka samo ta?"

"Galmi."

"Wajen lodi?"

Ya kau da kai.

"Wajen lodi," ta amsa wa kanta. "Wagga ta sha takin zamani har ta ƙoshi, kuma ba a yanke mata ruwa ba sai ranar cira, don ta yi nauyi ga buhu. Ta sayarwa ce, a ci cikin sati biyu. Ta ajiya takin gida aka ba ta, a hana mata ruwa kwana goma sha biyar har ganyenta ya kwanta, a cire a rufe ta da ganyen ta sha iska. Ɗana, ko ɗan yaye na Galmi ya san wanga. Ba wanda ya gaya maka?"

Daga benci na ƙarshe wani ya yi tari. Barmo ne.

Dariya ta fara daga yaran Illela ta bi layi. Badamasi ya tsaya yana kallon rabin albasar da ke hannun Hajiya. Ta gefen ido yana ganin ƴan rediyo sun koma wajen Ummul Khairi.

"To," in ji Sufeto yana zaro biro, "ƙara ta faɗi. Shi kuma rumbun Dogarawa..."

"A ara mini benci," in ji Sahiya.

"Me za ki yi da benci?"

"Ba a gama dubawa ba."

Aka jawo mata. Ta hau, ta tura siririn hannunta can sama, tsakanin fanka da rufin, inda aka shimfiɗa ƴar zana don kare wayoyi. Ta ɗage zanar. Ta fara miƙo wa Hajiya albasa ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, busassu, ɓawonsu na ƙara. Guda ashirin.

"Na Baba ne," ta ce. "Ranar da anka rufe, Mushe ya tafi raka Sufeto shan shayi, ya bar ni in gama jerawa. Na sa su nan don in gani. Na auna kowace kafin in sa, da na Galmi da na Baba, duk suna cikin littafi. Da zafin kowace rana, safe da marece. Wasu ashirin kuma na bar su cikin rudun gidanmu don a gwada, jiya na auna su. Shida sun lalace."

Hajiya ta matsa ɗaya, ta matsa ta biyu, ta bi su duka. Ta yanka guda, ta gutsura ta tauna. "Tamkar yau anka ciro ta. Ko ɗaya ba ta yi laushi ba." Ta dubi Badamasi. "Kuma su ne ƙarƙashin ƙofar fanka. Da an zuba ruwa, su ka fara sha."

Malaman Tawa sun riga sun karɓi littafin. Suka haɗa kai suna buɗa shafi, suna magana da Faransanci da sauri-sauri. Ɗayan ya ɗago. "Wa ya tsara wannan gwajin?"

"Ni ne," in ji Badamasi kafin kowa ya motsa. "Wato, mu ne. Da gangan aka haɗa iri biyu don a nuna bambanci. Na so in gwada ko..."

"Ka so ka gwada, shi ya sa ka ce an zuba maka ruwa?" in ji Sufeto.

Malamin Tawa ya juya ga Sahiya ya shiga yi mata tambayoyi, tana amsawa, yana rubutawa. Badamasi na tsaye a gefe. Shi ya zana rumbun, shi ya ƙone yatsa wajen haɗa fanka, shi ya bi Ƙonni shago-shago neman waya. Yanzu ga manyan malamai sun sunkuya gaban ƴar aji huɗu. Ya rasa wadda ta fi ba shi haushi, ta bayan madubai ko ta kan benci.

Sai bayan azahar aka gama zagaya sauran teburan. Waken Tajaye ya fito tas, ba huji ko ɗaya, aka yi ta tafi. Badamasi bai tafa ba. Alƙalai suka shige buro suka daɗe. Da suka fito, Sufeto ya karɓi makirfo.

"Ta uku, Illela. Ta biyu, Tajaye." Ya dakata. "Ta ɗaya, saboda littafin gwaji wanda alƙalai suka ce ba su ga irinsa ba yau, Dogarawa."

Badamasi bai san sanda ya daka tsalle ba. Ya manta wari, ya manta dariya. Ya kutsa gaba ya riga Sahiya isa wajen Pirefe, ya kama kofin da hannu biyu. Ya nemi Ummul Khairi da ido don ya ga fuskarta. Tafi take yi, har da guɗa. Ko a nan ma ta ƙi ba shi abin da yake so.

Sufeto ya zauna ya buɗe takardar izinin tafiya. "Jibi motar gwamnati za ta taso daga Tawa. Ɗaliba, Sahiya Barmo. Ina uban yarinya? Sai ya sa hannu."

Barmo ya taso da malfarsa, ya gaida manya ɗaya-ɗaya, bai yi sauri ba. "Kwana nawa za su yi?"

"Shida."

"Da wa?"

"Da malaminta."

Barmo ya juya malfar a hannu. "Ranka ya daɗe, Mushe mutumin kirki ne, ban taɓa jin wani abu gare shi ba. Amma ɗiya mace ba ta kwana shida garin da ba mu da kowa, ba tare da mace babba ba. Uwarta ba ta yarda, ni ma ban yarda. Haka muke."

"Malam Barmo, ai ɗiyata ce," in ji Badamasi. "Akwai ƙanwar matata a Yamai, can za ta sauka."

"Ban san ta ba."

"To a ƙara kujera, Sufeto. A sa wata madam."

"Kujerar malami ɗaya gwamnati ta biya. Ba ni na rubuta dokar ba."

"Kuna da madam a Dogarawa?" Hajiya Uwani ta tambaya.

"Ɗaya ce, kuma ta haihu wancan sati," in ji Sahiya.

Barmo ya ɗaga malfa ya nuna Ummul Khairi. "Waccan. An yi mata ƙazafi gaban jama'a, ba ta zagi kowa ba, kuma ta yi wa ɗiyata guɗa. In da ita ne, na sa hannu."

Ummul Khairi ta matso da sauri. "Baba, a'a. Mushe ne ya yi aikin, shi ya koya min ni kaina. Kujerarsa ce. Ni ba zan karɓa ba."

"To ɗiyata na gida."

Sufeto ya buɗa wata takarda ya bi layi da biro. "In ta ɗaya ba ta samu tafiya ba, ta biyu ke maye gurbinta." Ya ɗago ya dubi Badamasi. "Ka gane? In Sahiya ta tafi, da Madam za ta. In ba ta tafi ba, Tajaye ce, da Madam ɗin dai. Abin da ya rage maka shi ne ko sunan Dogarawa ya je Yamai ko kada ya je. Kuma ka gode Allah ban rubuta abin da ka yi da safe ba."

Kowa ya zuba masa ido. Sahiya ma, da littafinta a ƙirji.

"Ta tafi," in ji Badamasi.

Biro ya yi ƙara a kan takarda. Ya ga sunan Ummul Khairi yana fitowa harafi bayan harafi a layin da ya yi wata uku yana hango nasa. Barmo ya dangwala yatsa. Sufeto ya hura wa hatimi iska ya buga.

"Mushe," in ji Ummul Khairi a hankali, "wallahi duk inda aka tambaye ni, sunanka zan faɗa."

"Kada ki wahalar da kanki."

Kafin la'asar zauren ya watse. Pirefe ya gayyaci alƙalai da ƴan tafiya cin abinci, aka tafi da kofin don a ɗauki hoto. Sufeto ya bar wa Badamasi aiki guda: ya kwashe ruɓar, ya wanke rumbun, ya tsare shi har motar da za ta kai shi Yamai ta zo jibi. Ya naɗe hannun riga yana kwasa da kwali yana zubawa a buhu. Daga nesa yana jin rediyon maigadi, an sako muryar Sahiya, sai ta Ummul Khairi. Ya kasa kunne har ƙarshe. An ambaci Dogarawa sau huɗu, ba a ambace shi ba.

Wata baƙar mota mai lambar Najeriya ta shigo harabar ta tsaya daf da ƙofa, ba a kashe injin ba. Wani mutum ya fito, gajere, kakkaura, da farar shadda da waya biyu a hannu. Bai toshe hanci ba. Ya wuce kai tsaye wajen rumbun, ya zagaya shi, ya leƙa fanka, ya ƙwanƙwasa karan da ɗan yatsa.

"Salamu alaikum. Sunana Alhaji Munkaila. Ina da rumbunan albasa goma sha biyu tsakanin nan da Sakkwato, kuma duk shekara rabi nake zubarwa. Tun a hanya nake jin labarin wannan abin a rediyo." Ya dubi Badamasi daga sama har ƙasa, da kwalin da ke hannunsa. "Kai ne mai shara? Ina neman wanda ya ƙera shi."

Badamasi ya ajiye kwalin. "Ni na ƙera shi."

"Kai? Mata biyu na ji ana faɗa."

"Ni na ƙera shi, na ce."

Alhajin ya yi murmushi, ya waiga ya ga ba kowa a zauren, ya matso har Badamasi na jin ƙamshin turarensa.

"To madalla. An ce jibi gwamnati za ta ɗauke shi. Ni kuwa ba na son ya kai jibi a nan. Bayan motata a buɗe yake, iyaka kuma ga ta nan kusa. Malam, wa ke tsaronsa?"